Gaba da Makaranta

Tun asuba Yelwa ta fara naƙuda, amma har hantsi ya ɗaga ba abin da ya leƙo sai ƙafa ɗaya. Yelwa saniya ce, farar bokolo, wadda mahaifin Saudatu ya haɗa ta da ita ranar da aka kawo ta gidan miji, a wata 'yar tunga da ke can cikin gonaki tsakanin Kebbe da Fakku. Tsohon ya rasu tuni, kayan ɗaki sun sha jiki, saniyar nan ce kawai abin da Saudatu za ta nuna a duniya ta ce nata ne. Sunan ma ba a banza aka sa mata ba. Da nononta ake dama furar gidan gaba ɗaya, har a kai wa maƙwabta.

Surukinta Malami, tsoho mai fama da ciwon gwiwa, ya karɓi haihuwar shanu fiye da yadda zai iya tunawa. Ya shafe hannu da yauƙin karkashi, ya zura har kafaɗa, ya daɗe yana lalube. Da ya zaro hannun bai dubi kowa ba.

"Kan ɗan ya karkace baya," in ji shi. "Ƙafa guda ɗai taz zaka. Da ina da ƙarfin da, da na juyo shi. Hannun ga ya mutu."

Matarsa Batula, wadda ke riƙe da kan saniyar, ta ce, "To a kiro Almu mana."

Almu shi ne mijin Saudatu. Shi da ƙannensa sun yi sammako zuwa kasuwar Kebbe da raguna, sun tafi da mashin ɗin gidan, wanda shi kaɗai ne a tungar. Wayar Almu kuwa kamar don a riƙa kashe ta aka saye ta. Sauran maza duk suna gonakin nesa, damina ta yi tsakiya, ba wanda zai dawo kafin yamma.

Batula ta juyo ta dubi Saudatu. "Baturiya, ina lambar likitan nan?"

Da bazara an zo rigakafin shanu. Cikin ma'aikatan akwai wani Dokta Bassey, ɗan bautar ƙasa daga Kudu da aka turo Tambuwal, wanda duk Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba. Wani Haliru ne ke tuƙa shi yana yi masa tafinta. Ranar nan Saudatu, wadda ta yi aji uku a sakandare kafin aure, ta leƙo daga zaure ta gai da likitan da Turanci. Ya amsa, ta mayar, har ya yi dariya ya ba ta lambarsa, ya ce in wata dabba ta kwanta a kira shi. Tun daga ranar aka laƙaba mata Baturiya. Takan ɓata rai in an kira ta haka, amma kowa ya san ɓacin ran na ƙarya ne.

Waya ba ta shiga a cikin gida. Sai an ratsa gonar gero an hau wani babban suri da ke bakin iyaka, a ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa, sannan sabis ya ga dama ya leƙo. Saudatu ta hau, tana jera kalmomin a ranta kafin a ɗauka. Turancin da aka daɗe ba a taɓa ba nauyi gare shi.

Ya ɗauka. Ta gaya masa saniya tana haihuwa, ɗa ya ƙi fita, ƙafa ɗaya ce a waje. Turancin ya fito a karye, amma ya gane. Ya ce kada a ja ɗan da ƙarfi, ga shi nan tafe a kan mashin ɗin ofis. Sai dai Haliru ya tafi suna a Sanyinna, shi kaɗai zai zo. Ya san hanya har Kebbe, ya san inda ake ɗaukar ta Fakku, amma wancan karon a baya yake zaune, bai lura da inda aka ratse ba. Ta kwatanta masa.

Kwatancen ba wuya. Akwai makarantar firamare a bakin hanya. Sai ka wuce ta, ka yi 'yar tafiya mai kyau, ka ga wata tsohuwar tsamiya, ka ratse hagu. Ko jariri a yankin ya san gidan Malami gaba da makaranta yake. Saudatu ta ɗauki "gaba da makaranta" ta juya shi kalma bayan kalma.

"In front of the school," ta ce.

"After the school?" ya tambaya.

Tana iya ganin allon ajinsu na Tambuwal kamar yau, malami ya ja layi a tsakiya, Turanci a hagu, Hausa a dama: front shi ne gaba, after shi ne bayan. Wato mutumin nan bayan makaranta zai nufa, inda ba komai sai kududdufi da tsohuwar maƙabarta.

"No, sir! Not after! In front. Front, front!"

"Okay, in front."

Sunan tsamiya da Turanci kuma ya ɓace mata ƙarƙaf, in ma ta taɓa saninsa. Ta ce masa babbar bishiya, ya yi hagu. Ya maimaita, ta ce yauwa. Ta sauko daga surin tana jin ta yi abin kai, don ta tare ɓata tun kafin a yi ta. Ba ta ko tuna da ƙaton itacen dogon yaron da ke tsaye a ƙofar makarantar ba, alhali wace makaranta ce a ƙasar Sakkwato ba ta da irinsa a ƙofa?

Daga nan sai jira. Rana ta take tsaka, ƙuda suka taru a gindin Yelwa, Saudatu tana kore su da gefen zane. Saniyar takan yunƙura, jikinta duk ya ɗauki rawa, ta yi wani nishi mai tsawo, sannan ta saki. Kowane yunƙuri ya fi na bayansa rauni. Batula tana ɗiga mata ruwa a baki tana kiran sunanta a hankali. Saudatu ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. In iska ta kaɗa karan gero sai ta ji kamar ƙarar mashin, ta fita da gudu, ta dawo.

Malami ya yi Azahar a gindin rumbu. Da ya sallame ya shiga ɗaki, ya fito da wuƙar yanka, ya zauna a bakin turke ya fara wasa ta a dutse.

"Baba!" in ji Saudatu.

"Ba yanzu ba, ɗiyata. Ajiye ta nika yi kusa." Bai ɗago kai ba. "Ni nir rene ta tun tana karsana, kin san ba ni son haka. Amma ba ni zama ina kallo ta mace mushe, a ja ta a yar ma angulu."

Ta san gaskiyarsa. Dabbar da ta mutu ba yanka ta haramta, ba nama, ba komai, sai a haƙa rami. Ta kuma san tsohon ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Ƙarar wuƙar a kan dutse ta hana ta sukuni, ta ɗauki waya ta koma suri.

Kira ya shiga da ƙyar. Muryar likitan ta fito da haki, da ɓacin rai a ciki. Ya ce ya daɗe da isowa. Ya tsaya a ƙofar makaranta, an yi hutu, ba kowa. Ga babbar bishiya, ga 'yar hanya ta yi hagu, ya bi ta, ta kai shi cikin fadamar shinkafa, mashin ya nutse a laka har ya gaji da turi. Ya ga wani tsoho da jaki ya ce masa "Malami", tsohon ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya nuna kudu. Tsohon bai yi ƙarya ba, don a ƙasar nan in ka kira Malami a kasuwa sai rabin mazan sun waiwayo. Yanzu ya fito da mashin ɗin, ya dawo inda ya fara.

"I am in front of the school now. Where are you?"

Ta ji kamar ta fashe da kuka. Ya ce yana gaba da makaranta, to don me bai ga tsamiya ba? Makaho ne? Ta miƙe a kan surin tana leƙen hanya, kamar za ta hango shi ta saman gero.

"Front, sir. Go front!"

"I am in front! I am standing in front!"

Suka yi ta jefa wa juna kalmar nan guda, shi yana ɗaga murya, ita tana ɗagawa, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ba ya ji. Sai layin ya yi ƙara ya yanke. Ta sake kira, wata mata ta gaya mata cikin natsuwa, da Turanci mai kyau, cewa ba a samun lambar a yanzu.

Ta yi tunanin ta ruga makarantar da ƙafa. Amma tafiya ce mai nisa, cikin laka, kafin ta kai La'asar ta yi. In kuma ya gaji ya bar wurin, sun yi saɓani ke nan, kuma a kan hanya tsakanin nan da can ba inda waya ke shiga. Ta yi tunanin ko ya yi fushi ya koma Tambuwal. Ta tsine wa Almu da wayarsa, ta yi istigfari, ta sake tsinewa. Sannan ta juya gida a guje, ganyen gero yana yankar mata fuska.

Yelwa ta kwanta a gefe ɗaya yanzu, ta miƙe wuya a ƙasa. Ta daina yunƙuri. Cikinta kawai ke ɗagawa yana sauka.

"Ina shi?" in ji Malami.

"Shina makaranta, Baba. Ya ɓace. Ya faɗa fadama."

"Fadama? Mi yak kai shi fadama? Ke mi kic ce mai?"

"Na ce mai gaba da makaranta. Shi ko ya ce gaba da ita shike, amma bai ga tsamiya ba."

Malami ya yi tsaki. "Baƙo na, ba a yi mai gajeren zance. Koma ki ce mai, bayan ya wuce makaranta shi yi ta tafiya, kar shi ratse ko'ina sai ya ga tsamiya."

Yana faɗin haka yana nuna hanyar da tsinin wuƙa, hannunsa yana tafiya gaba. Saudatu ta bi hannun da ido. Bayan ya wuce. Bakin tsohon ya ce bayan, hannunsa kuwa gaba ya yi. Ta tsaya cak. Bayan Azahar sai La'asar, La'asar kuwa a gaba take, ba wanda ya taɓa waiwayawa neman ta. Ashe bayan iri biyu ne, ita kuma ta haɗe su a kalma ɗaya tun tana aji. After ba ƙeyar makaranta ba ce, wucewa ce. In front kuma ƙofar makaranta ce, daidai inda bawan Allahn nan yake tsaye tun ɗazu, inda ita da bakinta ta ajiye shi. Da safe ya tambaye ta daidai, ta ce masa a'a, har da ɗaga murya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, don Allah, don Annabi, ka jira ni. Yanzu ga shina zuwa. Na gane inda anka ɓace."

"In tana numfashi ina jira," in ji shi. "In nig ga idonta ya juye, ba ni jiran kowa. Tashi ki tafi."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da ta hau surin, sabis kuwa da hadari ba sa zama wuri ɗaya. Ta ɗaga wayar, ba komai. Ta juya kudu, ta juya arewa, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa har ƙasar surin ta fara zubewa a ƙarƙashinta. Sandar sabis ɗaya ta leƙo, ta ɓace. Tana ta maimaita kalmar a baki don kada ta gudu, after, after, tana haɗawa da salati. Sandar ta dawo, ta danna.

Ya ɗauka tun kafin ta yi ƙara sosai.

"After, sir," ta ce. "After the school. You pass the school. You go, you go, far. Big tree. Left."



"After," ya ce a hankali. Sai ta ji tashin mashin.

Ba ta koma gida ba. Daga tsamiya hanyar ta rabu biyu a cikin gero, in ba wanda ya tare shi zai sake ɓata. Ta tsaya a kan surin ta cire mayafi tana kaɗawa tun kafin a ga kowa. Zuciyarta tana can bakin turke, ƙafarta tana nan, ta rasa wadda za ta bi. Kunnenta ɗaya yana hanya, ɗaya yana gida. Iskar hadari ta taso ta kwantar da gero. Can ta ji ƙarar, siririya, tana tahowa tana ɓacewa, wannan karon ba iska ba ce.

Ya ɓullo duk jikinsa laka, tun daga takalmi har hular kwano, jakar kayan aiki a ɗaure a baya. Ta diro ta shiga gabansa da gudu, yana biye da ita a hankali, har bakin dangar gidan. A nan ta ji muryar Malami, ƙasa-ƙasa, yana bisimilla da kabbara.

Da suka shiga jini yana kan zuba, ƙafafun Yelwa na baya suna shure-shure. Batula ta rufe fuska da zane. Malami yana durƙushe a kan gwiwarsa mai ciwo, wuƙa a hannu.

Likitan bai gaisa da kowa ba. Ya jefar da mashin ɗin a ƙasa, ya fizgo jaka, ya faɗa kan saniyar. Ya tsaga gefen cikinta da aska, ya zura hannu biyu, ya yi ta ja yana nishi har ɗan ya zamo waje gaba ɗaya, jiƙe, shiru, kamar tsumma. Ya share masa hanci da baki, ya ɗaga shi ta ƙafafun baya ya girgiza, ya kwantar, ya hau murza masa ƙirji da buhu. Ya tsinko karan ciyawa ya soka masa a hanci. Ɗan ya yi atishawa, ya girgiza kunne. 'Yar maraƙa ce, fara kamar uwarta.

Batula ta saki kuka da hamdala a haɗe. Likitan ya zauna daɓas a ƙasa yana mayar da numfashi. Ya dubi saniyar, wadda ta daina motsi, ya dubi tsohon, sannan ya juyo ga Saudatu, tunda ita ce kaɗai mai jin sa. Gajiya da takaici suka buɗe masa baki. Ya ce don me ba a jira shi ba? Kan ne kawai ya lanƙwashe, aikin da ya saba yi. Saniyar suma ta yi don gajiya, jininta ma ya nuna da sauran ƙarfinta. Da an ƙara haƙuri kaɗan, da allura da ruwa za ta tashi.

"She would have lived," ya ce.

Wannan karon ba kalmar da ta kuɓuce wa Saudatu. Duk yinin nan ba Turancin da ta ji tas kamar wannan.

Malami ya dafa turke ya miƙe da ƙyar. Wuƙar tana nan a hannunsa. Ya dubi bakin likitan, ya dubi nata.

"Mi yac ce, ɗiyata?" in ji shi. "Gaya min gaskiya. Na yi garaje?"

Ta dubi tsohon. Shi ya yi wa saniyar nan turke, shi ke tashi ya duba ta in an yi ruwa, shi ya jira tun Azahar da wuƙa a cinya saboda ta roƙe shi. Lokacin da ya ƙure wa tsohon, a fadamar shinkafa ya ƙare, kuma ta san wadda ta tura likita can.

"Cewa yay yi ka yi daidai, Baba," in ji ta. "Ya ce ko da ya iske ta da rai, ba ta tashi."

Malami ya lumshe ido ya sauke dogon numfashi. Kafaɗunsa suka sauka.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Allah shi yi miki albarka. Ba don Turancin ga naki ba, da ko ɗiyar ba mu samu ba."

Ya miƙo mata wuƙar. Ta karɓa da hannu biyu, ta zaga inda randa take, inda ba mai ganinta, ta durƙusa ta fara wankewa.